Yadda Muka Haɗa wa Ummi Saƙo

Ranar da kuka fara zuwa ajin nan, wani daga cikinku ya tambaye ni dalilin da zai sa mu ɓata makonni kan haɗa saƙon imel, alhali layi uku na kod ya isa: ka sa adireshi, ka sa rubutu, ka ce tafi. Ban musa masa ba. Layi ukun yana aiki, ni ma da shi nake tura saƙon da ba shi da nauyi. Sai dai wanda ya shirya muku layi ukun nan ya yanke shawarwari da yawa a madadinku, kuma bai taɓa zuwa Wudil ba. Bai san irin wayar da ke aljihun manomin Ɗankaza ba, bai san muna da ƙ da ɗ da ɓ ba. Yau tunda an ɗauke wuta, janareta kuma yana wurin mai gyara, ku jawo kujerunku bakin ƙofa inda iska take, in ba ku labarin yadda aikin ya zo hannuna.

Ku kuna ce min Malama Hauwa, amma wanda ya koya min sana'ar Kulu yake kirana. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, Malam Ɗanjuma. Ma'aikacin gidan waya ne a Kano tun zamanin tangarahu. Dab da zai yi ritaya aka kawo musu kwamfuta. Abokan aikinsa suka riƙa kauce mata, shi kuwa ya liƙe wa injiniyan da ya zo kafa ta har sai da ya koyi rubuta kod. Da ya ajiye aiki ya dawo gida, ya kama shago a nan Sabon Gari, a hanyar da ke gangarawa gada. Kwamfuta biyu ne a ciki masu ƙatuwar ƙeya, da firinta, da sikana, da ƙaramin janareta mai hayaƙi. Ni lokacin na gama sakandare ina zaune a gida. Ya zo ya ce wa mahaifiyata, "Ba ni aron Kulu, tana da haƙurin karatu." Ta ce, "Yaya, ai taka ce." Washegari na fara.

Aikin farko da ya ba ni ba rubutu ba ne, karatu ne. Ya buɗe wani gajeren saƙo a kwamfuta, gaisuwa ce da hoto ɗaya. Sannan ya danna wani wuri, saƙon ya juye ya nuna cikinsa, ya buga shi a firinta. Abin da na gani a sikirin bai wuce tafin hannu ba, amma takardun da suka fito sai da suka rufe tebur. Ya miƙo min jan biro ya ce, "Nemo min inda kowane sashe ya fara da inda ya ƙare."

Na wuni ina kallon takardun, ban ga komai ba sai tarkacen haruffa. Bayan la'asar ya zauna kusa da ni, ya riƙa bi da yatsa. Layukan sama su ne kan saƙo: wa ya aiko, wa aka aika wa, yaushe, mene ne batun. Daga nan sai layi ɗaya da aka bari fayau babu komai a kansa, shi ke gaya wa na'ura cewa kai ya ƙare, jiki ya fara. Jikin kuma ba dunƙule ɗaya ba ne, sassa ne. Akwai zallar rubutu da babu ado. Akwai rubutu mai ado, da launi da manyan haruffa. Akwai hoton, an mayar da shi tsibin haruffa, domin hanyar imel haruffa kawai ta iya ɗauka. Tsakanin sashe da sashe akwai layin iyaka, wata kalma ce da mai haɗa saƙon ya ƙirƙira ya sanar da ita tun daga sama. Kowane sashe kuma yana da ɗan ƙaramin kansa, inda yake faɗin ko shi mene ne da yadda za a karanta shi.

"Na'urar da za ta karɓa ba ta san nufinki ba," in ji Kawu. "Abin da kika rubuta a kan kowane sashe shi kaɗai ta sani. In ba ki gaya mata ba za ta yi nata zaton, kuma zatonta ba na Bahaushe ba ne."

Bai bar ni na taɓa kod ba sai da na iya haɗa saƙo da hannu, harafi bayan harafi, a baƙin sikirin. In na manta layin fayau, saƙo ya isa babu jiki. In na zaɓi kalmar iyaka mai sauƙi, ta sake fitowa a cikin rubutun, saƙo ya tsage a tsakiya. Ba ya faɗa. Sai ya buga abin da ya isa can, ya ajiye min a gabana tare da jan biron, ya koma kujerarsa. Daga baya, da wayoyi suka fara buɗe imel, ya shiga tara tsofaffinsu a durowar teburinsa: masu madannai, masu fasasshen gilashi, wasu an ɗaure bayansu da kyauro. Ba ya yarda saƙo ya haɗu sai ya buɗu a mafi lalacewar cikinsu. Teburin shi ne wancan da kuke ɗora jakunkunanku a kai.

Aikin da ya sa aka san shagon na wata makarantar kuɗi ne, da ke son a riƙa tura wa iyaye sakamakon jarrabawa ta imel. Tsarin ba wuya: a ɗauko sunan yaro a sa a batun saƙo, a rubuta gaisuwa, a maƙala takardar sakamako. Makarantar ta riga ta sayi wata manhaja irin mai layi uku, ta ce da ita za mu tura, kuma a gaggauce suke, hutu ya zo. Saƙonni suka tafi.

Ranar Juma'a, garin ya cika da motocin shanu, wani dattijo ya yi sallama a ƙofar shago riƙe da wayar babban ɗansa. Sunansa Malam Ilu, daga Darki ya zo. Kawu ya ba shi kujera, suka gaisa har suka kai ga damina da iyali da jikoki. Sai da ya sha ruwa sannan ya miƙo wayar.

"Malam, an ce daga nan ake aiko wannan. An karanta min maki, mai kyau ne, amma ban yarda na yi murna ba tukuna. Sunan yarona Ɗahiru. Wannan kuwa yayansa ya ce alamar tambaya ce a gaba, sannan ahiru. Kada ya zama na ɗan wani ne aka kawo min."

Kawu ya duba ya ce, "Na ɗanka ne, Malam Ilu. Na'ura ce ba ta gane harafin farko ba."

Dattijon ya ce, "To ai da harafin farkon na raɗa masa."

Kawu ya roƙe shi ya je ya ci kasuwarsa, ya biyo ta nan in zai koma. Yana fita muka ajiye manhajar makarantar gefe, muka buɗe cikin saƙon. A ranar na san cewa harafi mai ƙugiya a wuri uku ake nema masa izini, ba wuri ɗaya ba. A jikin saƙo sai ka faɗi tsarin haruffan da ka yi amfani da shi, kuma a kan kowane sashe daban. A layin batu ba ya shiga tsirara, sai an naɗe shi da wata alama ta musamman, can a warware. Sunan takardar da ka maƙala shi ma da nasa naɗin, kuma ba irin na batu ba ne. Manhajar ta yi na farko, ta bar biyun. Muka rubuta namu kod ɗin da ke haɗa kowane sashe da kansa, muka tura wa wayoyin durowa, sannan muka tura wa ta Malam Ilu ita kaɗai.

Ya dawo bayan la'asar da igiyar akuya a hannu. Bai yi boko ba, amma ya san siffar harafin, yana ganinsa a bangon littattafan yaron. Ya ɗora yatsa a kan ƙugiyar ya daɗe, sannan ya ce, "Yanzu nasa ne. Alhamdulillahi." Ya sake tambaya a karanta masa makin daga farko, kamar bai taɓa ji ba. Da zai tafi ya ajiye mana ƙullin gyaɗa a kan firinta. Mu kuma muka bi sunayen makarantar kaf, duk wani Ƙasimu da Ɗayyaba, muka sake tura musu. Har yau in aka kawo min sabuwar manhaja, da sunan Ɗahiru nake fara gwada ta.

Akwai kuma wani dillalin shanu a kasuwar Kara, Alhaji Sale, da muke tura wa masu saye a kudu hotunan bijimansa. Hoto hanya biyu gare shi. Ko ka cusa shi cikin saƙon ya zama sashe, saƙon ya yi nauyi. Ko ka ajiye shi a wani shafi, ka sa ɗan manuni kawai, saƙon ya tafi da sauri. Da yake sabis ɗin garin nan kun san halinsa, mun yi masa ta biyun, ya ji daɗi. Bayan wasu shekaru ya shigo da abokinsa, yana so ya nuna masa wani farin sa da ya taɓa sayarwa, wanda har yau yake labarinsa. Muka nemo saƙon, rubutun yana nan, amma wurin hoton akwati ne fanko. Shafin da aka ajiye shi ya daɗe da rufewa. Alhaji Sale ya yi dariya ya ce san ya tafi gaba ɗaya ke nan. Kawu bai yi dariya ba. Daga ranar ya kafa doka: abin da mutum zai so ya sake gani, a cikin saƙon ake sa shi, komai nauyinsa.

Dokarsa mafi tsanani kuwa a kan zallar rubutu take. Saƙo mai ado dole ya tafi da ɗan'uwansa marar ado, kuma marar adon ke gaba, mai adon a baya, domin na'urar karɓa tana zaɓar na ƙarshen da ta iya nunawa. Manhajoji da yawa sukan cika wannan sashe da layi ɗaya na ba da haƙuri, ko su bar shi fanko. Kawu sai ya sa na rubuta shi da kaina, cikakke, yadda wanda bai ga komai ba sai shi zai fahimci duk abin da ake nufi.

Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, a hankali ya gangaro masa ido. Ya fara da ƙara girman haruffa a sikirin, ya koma matso da fuska har hancinsa na kusan taɓa gilashin, daga baya ya daina zama gaban kwamfutar. Na kunna masa muryar da ke karanta rubutu a waya. Hausarta kamar ta baƙon da ya sauka jiya, amma ya saba da ita. Aikinsa a shago ya koma na kunne. Duk sabon saƙon da na haɗa sai na tura masa, ya kara wayar a kunne, kansa a sunkuye. Sai ka ji ya ce, "Kulu, kin bar iyaka a buɗe, ga ta tana karanto min tarkace." Wani lokaci kwastoma kan zo da sanarwarsa duk an zuba ta cikin hoto ɗaya mai ƙyalli, ya ce haka yake so a tura. Kawu ba ya gardama. Sai ya tura wa kansa, ya ƙara sauti, muryar ta ce "hoto", ta yi shiru. Ya ce, "Alhaji, abin da ya iso gare ni ke nan." Yawanci daga nan ake ba mu damar rubuta bayanin.

Sai shekarar kullen korona ta zo. Wasunku suna firamare lokacin, hutu kuka sani. Mu makarantu ne ƙashin bayan aikinmu, aka rufe su. Kara ta daina ci. Aka tsayar da tafiya tsakanin jihohi, gadar nan da ba ta rabo da manyan motoci ta koma tsit, har kana jin muryar masunta daga sama. Muka sa wa shago kwaɗo. Sikana da kwamfuta ɗaya suka tafi don a ci abinci, na kai ɗayar gida. Dattawa suna ta rasuwa, kusan kullum sai ka ji wani da ka sani. Kawu yana kwance yana tashi, ƙafafunsa sun kumbura, idon ya tafi gaba ɗaya.

Autarsa Rabi tana aure a Fatakwal, kuma tana da cikin fari. An shirya za ta dawo gida ta haihu gaban mahaifiyarta, Inna Asabe, ta yi wankan jego a nan. Inna har ta tanadi itace da kanwa. Hanya ta rufe da Rabi a can. Ta haifi mace, mijinta ya kira ya ce ya bar wa Kawu zaɓin suna. Kawu ya sa mata Hadiza, sunan mahaifiyarsa, kakata ke nan. Da yake ba mai iya kiran sunan gatsau a gidan, aka ce Ummi. Ya ji kukanta ta waya, ya sa a maimaita masa, aka ce jariri ba ya kuka don an roƙe shi.

Bayan suna ya aiko a ce in zo da kwamfuta da hantsi. Na same shi a tsakar gida kan tabarma, ƙarƙashin darbejiya, an jingina shi da filo. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi jiki, ya ce da sauƙi, kamar yadda ya saba faɗa ko da babu.

"Kulu, aiki zan ba ki. Ki buɗe wa Ummi adireshi nata. Saƙo zan aika mata."

Na ce, "Kawu, ai in murya ce sai in ɗauka in tura wa Rabi ta waya yanzu, ta kunna mata."

"Waya nawa Rabi ta canza tun da ta yi aure? Ina abin da ke cikin ta farko?" Ya ce, "Ba na yau nake so ba. Wanda zai jira ta nake so. Kuma da hannu za mu haɗa shi."

Na buɗe baƙin sikirin. Shi ke faɗa, ni ke bugawa. Bai manta layi ɗaya ba. Ya faɗi kan saƙo a jere, ya zo batu ya ce in rubuta: Zuwa ga Uwata Hadiza, daga ɗanta Ɗanjuma. "Ƙugiya biyu ke nan, ki naɗe su." Na naɗe. Ya ƙirƙiro kalmar iyaka, wasu haruffa da lambobi da ba za su taɓa haɗuwa a maganar mutum ba. Na tambaye shi ko in yi sashe mai ado, in sa launi da ɗan zane tunda na yarinya ne. Ya girgiza kai.

"Ado yana tsufa. Ban san irin na'urar da za ta riƙe in ta girma ba, amma kowace iri ce za ta iya zallar rubutu. Shi za ki sa a gaba."

A rubutun ya gaya mata ko shi wane ne da aikin da ya yi. Ya kwatanta mata gidan, daga gada sai ta bi ina, ta tambayi wa. Ya ba ta labarin mai sunanta, yadda take ƙosai a ƙofar gida, da yadda ba ta taɓa barin yaron maƙwabta ya wuce hannu wofi ba. Ya jero mata dangi ɗaya bayan ɗaya har ya zo kaina, ya ce, "In kin rasa yadda za ki buɗe wani abu a saƙon nan, ki nemi Kulu." Na buga hakan kamar yadda ya faɗa.

Sashe na biyu hoto ne. Inna Asabe ta ciro na kakata daga bangon ɗaki, baƙi da fari, ta goge gilashin da gefen zane, na ɗauka da waya. Bai ma tsaya faɗin inda za a sa shi ba, ya san na sani.

Na uku murya. Ya ce in zaɓi tsarin sauti da ya fi kowane yaɗuwa, ba sabo ba. Da na ce na shirya, sai ya ce a ba shi hularsa. Inna ta ce, "Malam, murya ce fa kawai, ba a ganinka." Ya ce, "Uwata zan gaisar." Ta ɗauko ta sa masa, ta gyara masa wuyan riga, ta kori kaji. Ya yi gyaran murya, na danna.

Ya yi sallama, ya yi shiru. Ya ce, "Uwata, ina kwana?" Ya yi shiru. "Ina gajiya?" Shiru. Haka ya bi gaisuwar har ƙarshenta, mutanen gida, karatu, zafi, kowace tambaya da shirunta a baya. Sannan ya yi mata magana kaɗan, ya yi mata addu'a mai tsawo. Inna ta tashi ta shiga madafa tun kafin ya gama.

Na mayar da hoton da muryar haruffa, na jera sassan, na rufe iyakar ƙarshe. Abu in ya zama haruffa yakan ƙara nauyi, sabis kuma a ranar ya yi ƙasa. Saƙon ya hau ya kai rabi ya faɗo. Na koma bakin zaure na ɗaga waya sama, ya sake faɗowa. Na buɗe muryar na duba zanenta, na ga kusan rabinta fili ne.

"Kawu, in na yanke wuraren da ka yi shiru, zai ragu sosai. Ba kalma ɗaya da za ta ɓata."

"Kada ki taɓa su."

"Babu komai a cikinsu fa."

"Gaisuwa ce, Kulu. Ai sai an bar wa mutum wurin amsawa."

Sai na rage girman hoton daidai yadda fuskar kakata ba za ta dushe ba, na ɗan sassauta ingancin sautin, na bar tsawonsa yadda yake. Kamar kullum, wayarsa na fara turawa. Ya kara a kunne, muryar nan ta karanta masa daga batu har ƙarshe da karyayyiyar Hausarta, ba tarkace ko ɗaya, ta sanar da shi akwai hoto da sauti a maƙale. Ya sauke wayar ya ce, "Ya haɗu. Tura." Saƙon ya tafi a tashi ɗaya. Kawu ya sa na kwafi cikin saƙon a filashi na ajiye, ya kuma sa na gaya wa Rabi ta riƙa leƙa akwatin lokaci-lokaci, don akwatin da aka daɗe ba a buɗe ba rufe shi ake yi.

Wannan ne aiki na ƙarshe da muka yi tare. Ya rasu kafin a buɗe hanya, Allah ya jiƙansa. Rabi ba ta sami jana'iza ba. Da makarantu suka dawo na cire kwaɗon, na fara da kwamfuta ɗaya, kwastomomi suka riƙa dawowa ɗai-ɗai, wasu ba su dawo ba. Rabi ta gaya min ta karanta rubutun ba adadi, amma muryar ba ta taɓa danna ta ba. Ta ce ba tata ba ce, za ta bari sai mai ita ta iya magana.

Babbar Sallar da ta wuce suka zo gida. Washegarin Sallah da hantsi Rabi ta shigo nan da Ummi, yarinyar ta sha lalle da sabon kitso, ta fara firamare, tana ɓoye a bayan uwarta. Rabi ta ce, "Yaya Kulu, ke za ki buɗe mata. A nan nake so ta ji." Ta miƙo min wayarta, sabuwa, irin wadda ba a ƙera ba sanda Kawu yake raye.

Saƙon ya buɗu sumul. Batun yana nan da ƙugiyoyinsa. Na nuna wa Ummi hoton na ce ga mai sunanki, ta leƙa ta ce ɗankwalinta babba ne. Na ajiye wayar a kan teburin can, na ce, "Kakanki ne zai yi miki magana. Baban Mamanki." Na danna.

Ya yi sallama. Ummi ta kalli wayar, ta kalli uwarta, shirun ya wuce. Ya ce, "Uwata, ina kwana?" Ta ƙara riƙe zanen uwarta. Da ya ce, "Ina gajiya?" sai ta saki zanen uwarta, ta matso gaban teburin ta durƙusa, kamar yadda aka koya mata in babba na magana, ta ce a hankali, "Ba gajiya."

"Yaya mutanen gida?"

"Lafiya lau."

"Ina fatan ana karatu?"

"Ana yi."

Duk amsar da ta ba shi, tana rufe baki yana ɗorawa, kamar yana ganinta. Da ya shiga addu'a ta ga uwarta ta ɗaga hannu, ita ma ta ɗaga, tana cewa amin a inda ya dace da inda bai dace ba. Sautin ya ƙare. Rabi ta juya fuska wajen bango. Ummi ba ta tashi daga durƙuson ba, ta ɗago ta dube ni.

"Anti, a mayar da shi farko. Ban amsa masa sallama ba."

Na mayar.